Tambaya: idan tsiro ya zuƙe gubar ƙasa, ina za a kai tsiron?

Ɗalibar Marwa ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar muhalli a nan Marwa, a arewacin Kamaru, kuma bincikena ya shafi yadda za a yi amfani da tsirrai wajen gyara ƙasar da guba ta ɓata. Filin da na zaɓa yana bayan wata unguwa, dab da gaɓar mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani. An daɗe ana zubar da shara a wurin, masu fasa tsofaffin batiran mota suna cire dalmar ciki su watsar da ragowar, makanikai suna tsiyaye baƙin mai a ƙasa, sannan ta gefe guda akwai lambatun da ke ɗauko ruwan majema da na masu rini. Abin da ya ɗaga mini hankali game da wurin shi ne, idan mutum ya gangara kaɗan zai tarar da lambunan rani na alayyafo, latas da albasa, kuma da ruwan rijiyoyin da ake haƙawa cikin yashin mayon ake yi musu ban-ruwa.

Na ɗebo ƙasar filin na zuba a tukwanen gwaji, na shuka iri huɗu, wato alayyafo, rama, zurma da ciyawar jema. Bayan wata uku na cire su, na raba saiwa da kara da ganye, na busar, aka auna ƙarafan da ke cikinsu. Ba zan kawo alƙaluma ba tukuna domin malamina bai gama duba su ba, amma abin da ya fito fili shi ne alayyafo da rama sun fi saurin girma, kuma sun fi kai ƙarfe zuwa ganye, musamman kadmiyom. Ita kuwa dalma, a dukkan tsirran huɗu, mafi yawanta a saiwa ta tsaya.

Mataki na gaba shi ne gwaji a filin kansa idan damina ta sauka, kuma a nan ne na tsaya cak. A kan takarda alayyafo ne gwani, tunda shi ya fi ɗebe guba. To amma duk wanda ya tashi a garin nan ya san cewa babu ɗanyen ganyen da ba shi da bakin da ke jiransa. Idan na shuka alayyafo da rama a fili marar shinge, ko matan unguwa su tsinke su yi miya, ko awaki su cinye, ko yara su yanka su kai kasuwa. Littattafan da nake karantawa, waɗanda mafi yawansu a Turai da Amurka aka rubuta su, suna rufe maganar da jimla ɗaya, cewa a girbe tsiron a kai shi wurin da aka tanada don ƙona shara mai guba, alhali babu irin wannan wuri a kusa da filina.

Saboda haka tambayata biyu ce. Wane tsiro ya kamata in kai fili, wanda ya fi ɗebe guba ko wanda ba a ci? Kuma abin da na girbe, yaya zan yi da shi ba tare da na mayar da gubar cikin tukunyar wani ba? Idan akwai majemi a cikinku, ina roƙon ya bayyana mini abin da ake zubawa a ruwan jima a yau, domin ba na so in rubuta abin da zai ɓata sunan sana'ar mutane bisa zato. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malamin Ƙasa, Ngaundere, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta fi sakamakon tukwanenki nauyi, kuma shawarata ita ce ki mayar da ita tsakiyar kundinki, kada ki bar ta a shafin ƙarshe inda ake jera shawarwari.

Mu fara da lissafi, domin shi ne yake yanke gardama a wannan fanni. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai, sai ki sauya su da naki. Idan aka ɗauki hekta ɗaya, aka auna saman ƙasarta zuwa zurfin santimita 20, nauyinta yakan kai kimanin tan 2,600. A ce kowane kilo na wannan ƙasa yana ɗauke da miligiram 500 na dalma, kin ga a hektar nan akwai dalma kilo 1,300. Yanzu a ce tsironki ya ba da busasshen kara da ganye tan 10 a shekara, wanda a damina ɗaya irin ta Marwa ba ƙaramin amfani ba ne, kuma kowane kilo nasa ya ɗauki miligiram 100. Abin da kika fitar a shekara kilo ɗaya ne tak. Kafin a rage ko da rabin dalmar sai an yi shekara 650 ana shuka ana girbi. Ki yi irin wannan lissafi da kadmiyom, za ki ga shekarun sun ragu sosai, saboda yawansa a ƙasa kaɗan ne kuma yana hawa ganye cikin sauƙi. Wannan sauƙin hawan nasa shi ne kuma haɗarinsa ga mai cin alayyafo.

Dalilin da ya sa dalma take taurin kai sananne ne. Tana liƙe wa laka da ruɓaɓɓen taki da sinadarin fosfet, kuma idan ƙasa ba ta da tsami, kamar baƙar lakar karal da ake dasa masakwa a kanta a yankin Diyamare, riƙon yakan ƙara ƙarfi. Ƙasar bakin mayo takan fi yashi, don haka ki auna tsamin ƙasar filinki da yawan lakarta kafin ki ɗora komai a kan abin da wasu suka samu a wata ƙasa. Dalma kuma ba ta ruɓewa. An daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, amma wadda ta riga ta sauka a gefen manyan tituna tana nan a cikin ƙurar. Za ki ci karo da rubuce-rubucen da ke cewa a zuba wa ƙasa sinadarin EDTA domin ya narkar da dalma tsiro ya zuƙa. Ina roƙonki kada ki gwada wannan a filinki. Ruwan Yuli da Agusta kamar da bakin ƙwarya yake sauka, kuma abin da kika narkar zai riga saiwa isa rijiyoyin masu lambu.

Gaskiya ne akwai tsirran da Allah ya hore wa tara ƙarfe fiye da misali. An san fiye da iri 700, amma mafi yawansu nikel suke tarawa. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya akwai itaciyar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ƙaronta nikel ne, har launinsa ya koma shuɗi-kore. A 2001 masu bincike a Fulorida ta Amurka suka bayyana cewa tsiron da masana ke kira Pteris vittata yana tara gubar arsenik a ganyensa. A Katanga ta Kwango akwai furannin da ke tsirowa a kan ƙasar tagulla inda sauran ciyayi ke mutuwa. Dalma dai ba ta cikin ƙarafan da aka yi irin wannan sa'a da su. Shi ya sa a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, ba shuka aka yi ba. Kankare saman ƙasar gidaje aka yi a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, aka binne ta a ramukan da aka tanada, aka zuba sabuwa, haka aka yi a Bagega a 2013.

Wannan ba ya nufin tsirrai ba su da aiki a filinki. Aikinsu ne ya kamata ki sauya wa suna. Maimakon ki ce za su fitar da guba, ki ce za su ɗaure ta a inda take: su rufe ƙasa iska ta daina kwasar ƙurar zuwa gidaje a lokacin hunturu, saiwarsu ta riƙe gaɓa ruwa ya daina zaizaye ta zuwa cikin mayo. Idan wannan ne manufa, tsiron da ya bar dalma a saiwa shi ne gwani, alayyafo kuwa shi ne na ƙarshe a layi. Ni da jema da zurma zan fita fili. Ki kuma ware wani yanki ki gauraya ƙasarsa da garin ƙonannen ƙashi daga mahauta, domin fosfet ɗin da ke cikin ƙashi yana haɗuwa da dalma su zama wani abu mai wuyar narkewa.

Wani ƙaramin abu: ki tabbatar an wanke ganye sosai da tataccen ruwa kafin awo. Sau da yawa abin da ake zaton tsiro ya zuƙa, ƙura ce kawai ta kwanta masa a kai.

Dattijon Majema, Marwa, ya amsa:

Salamu alaikum. 'Yata, jikana ne ya karanta mini abin da kika rubuta, na ce ya zauna ya rubuta miki amsata yadda na faɗa. Na ji daɗi da kika tambaya kafin ki rubuta, Allah ya yi miki albarka.

Jimar da muka gada ba ta da ƙarfen da kuke kira kuromiyom. Fata idan ta zo, jiƙa ta muke yi, sannan a saka ta a ruwan toka da farar ƙasa har gashi ya saki, a kankare. Daga nan a tsoma ta a ruwan kashin tsuntsaye domin ta yi laushi, a wanke, sannan ta shiga ruwan bagaruwa, wanda shi ne jimar kanta. Bayan ta jemu a shafa mata mai, a shanya, a murza. Jan launi daga karan dafi muke samunsa, baƙi kuma daga kashin maƙera. Ba zan ce miki ruwanmu mai tsabta ba ne. Yana wari, yana ɗauke da gashi da guntayen nama da gishirin da aka adana fatar da shi, kuma inda ya daɗe yana kwanciya ciyawa ba ta fitowa da kyau. Idan kin rubuta wannan, gaskiya kika rubuta.

Abin da ya sauya, kuma ya kamata ki bincika, abu biyu ne. Na farko, garin rini na gwangwani da na leda da ake sayowa a kasuwa ya kori karan dafi a hannun da yawa daga cikin matasanmu, saboda ya fi sauri kuma launinsa ya fi ɗaukar ido, mu kuwa ba mu san abin da aka haɗa shi da shi ba, ku masu awo ku ne za ku gaya mana. Na biyu, dukawa da masu ɗinkin takalma suna sayen fatar kamfani, wadda idan kika yanka ta za ki ga cikinta shuɗi-shuɗi, ba ruwan ƙasa irin ta bagaruwa ba. Wannan ita ce aka jeme da kuromiyom. Guntayenta a juji suke ƙarewa, a cinna musu wuta tare da shara, kuma tokarta kore take fita. Idan kin sami wannan ƙarfe a filinki, ki duba jujin kafin ki nuna lambatunmu da yatsa.

Game da jema, Malamin Ngaundere ya yi gaskiya, ciyawa ce mai riƙe ƙasa, na san ta tun ina yaro a fadamun kogin Logon. Sai dai, Malam, kada a ce dabba ba ta cin ta. Idan ta tsufa ta yi kaushi shanu sukan ƙyale ta, amma sabon tohonta, musamman bayan an yanke ta ko wuta ta ci ta, suna ci ƙwarai, a watan Afrilu kuwa akuya ba ta zaɓen abinci. Shinge na ƙaya ba makawa. Kuma 'yata, kafin ki kafa ko da turke ɗaya, ki je ki gaida mai unguwa, ki gaida lawan, ki nemi a yi wa mutane bayani a masallaci bayan salla. Filin da aka san na wane ne kuma aka san dalilin shingensa ya fi wanda aka rataya wa allo da Faransanci kiyayuwa.

Ma'aikaciyar Lafiya, Kusseri, ta amsa:

Assalamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara girma. Malam, na amfana da lissafinka, amma ina da ja a kan zurma. 'Ya'yanta suna da dafi mai kisa, suna da zane mai kyau irin wanda yara ke son tarawa su yi wasa da shi, kuma filin da ƙanwata ta kwatanta a bayan unguwa yake, wato filin wasan yara ne ko an so ko an ƙi. Idan za a shuka ta, to a riƙa cire furenta kafin ta yi 'ya'ya, in kuwa babu mai tsayawa kan wannan aiki kullum, gara a bar ta, kada a gudu gara a faɗa gidan zago.

Ƙanwata, akwai wata hanyar da guba za ta bi ta shiga tukunya wadda ban ga kin ambata ba, ita ce toka. Kin san a gidajenmu ba a zubar da tokar kara. Tace ta ake yi a sami ruwan toka a saka a miya ko a wake, wasu kuma su kwashe ta su watsa a lambu a matsayin taki. Wuta ba ta cinye ƙarfe. Idan kin ƙona busasshen tsiro kilo 100 ya bar toka kilo 10, ƙarfen da bai bi hayaƙi ba ya taru ke nan a cikin wannan 'yar tokar, ƙarfinsa ya ninka kusan sau goma. Karan rama kuma abin hura wuta ne mai kyau, ɓawonta igiya ne, ganyenta kwaɗo ne. Babu abin da za a bari a fili daga jikin rama. A ganina ita da alayyafo su tsaya a ɗakin gwaji.

Ko jemar ma ki yi tambaya a kanta. A Mali da Senegal mata suna jefa saiwarta a randar ruwan sha domin ƙamshi, kuma ke da kanki kin ce a saiwa dalma take tsayawa. Ki zauna da matan unguwar ki ji ko akwai masu haƙar saiwar don turare ko magani, kafin ki kira ta tsiron da ba a ci.

Abin da ya sa nake tsananta wannan magana shi ne yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa daga dalmar da ya haɗiya. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. Illar kuma ba ta zuwa da zazzaɓin da uwa za ta gani ta garzayo asibiti, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwa da jini, sai an kai yaro makaranta a ce ba ya ganewa. Ma'aunin abinci na duniya ya ƙayyade dalma a ɗanyen ganyen miya kada ta wuce miligiram 0.3 a kilo, kadmiyom kuma 0.2. Da ni ce ke, kafin in shuka komai, sai in sayi alayyafo da latas daga lambunan da ke ƙasa da filin in auna su da wannan ma'auni. Idan sun haura, kin sami abin da ya fi gaggawa a cikin bincikenki gaba ɗaya, kuma haƙƙin masu lambun ne su fara ji daga bakinki, cikin mutunci, tun kafin maganar ta fita waje ta karya musu kasuwa.

Ɗalibar Marwa ta sake rubutawa:

Baba, na gode, Allah ya ja kwana. Maganar guntayen fatar kamfani ta warware mini wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai, domin samfurin da na ɗebo daga inda ake ƙona shara ya fi na bakin lambatu kuromiyom, ni kuwa na ɗauka kuskuren awo ne. Zan koma in sake ɗiba a wurare biyun daban-daban. Zan kuma nemi mahaifina ya raka ni wurin mai unguwa.

Malam, na yi lissafin da alƙalumana jiya da dare, kuma amsar da na samu game da dalma ba ta yi nisa da taka ba. Na ji nauyin abin, domin shekara guda na yi ina ɗaukar cewa zan nuna yadda za a wanke filin nan. Amma na fi son in rubuta abin da tsiro zai iya yi da gaske. Yayata ta Kusseri, maganar toka ta tsaya mini a rai, don a gidanmu ma ana tace ta, kuma ban taɓa haɗa wannan da aikina ba. Na cire rama da alayyafo daga gwajin fili, zurma kuma zan yi shawara da malamina.

Saura tambaya ɗaya. Jema ma sai an riƙa yanke ta. Ganyen da na yanka, ko da ƙarfen cikinsa kaɗan ne, ina zan kai shi? Kuma ɓangaren da baƙin mai ya jiƙa, shi ma ɗaurewa kawai za a yi?

Mai Aikin Ruwa, Njamena, ya amsa:

Salamu alaikum jama'a. Malama, tambayarki ta biyu tana da amsa mai daɗi, domin baƙin mai ba kamar dalma ba ne. Dalma asalin ƙarfe ce, babu abin da zai farfasa ta ta zama wani abu. Mai kuwa abinci ne ga wasu ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda suke cin sa su mayar da shi iska da ruwa. Saiwar ciyawa tana fitar da abin da ke ciyar da waɗannan halittu, tana kuma buɗa ƙasa iska ta shiga, shi ya sa man da ke kewayen saiwa yake saurin raguwa fiye da na ƙasar da ba a shuka komai ba. Zafin ƙasarmu ma taimako ne matuƙar akwai danshi. Ki kaftu wurin, ki gauraya shi da takin shanu, ki dasa jema, ki bar wani yanki babu shuka domin kwatance. A nan ne za ki iya nuna raguwa ta gaske cikin damina ɗaya ko biyu. Sai dai inda man ya yi kauri har ƙasa ta daskare kamar kwalta, babu abin da zai tsiro sai an kwashe saman, kuma tsohon man inji yana ɗauke da nasa ƙarafan, don haka wurin ma ba na noman abinci ba ne ko bayan man ya ragu.

Ruwan lambatu kuma, tunda Baba ya tabbatar da cewa yawancin kayan da ke cikinsa gashi ne da nama da gishiri, ana iya rage ƙazantarsa da ramin da zai fara kwanciya a ciki dauɗar ta zauna, sannan ya ratsa ta cikin kwarin tsakuwa da aka dasa wa ciyawa kafin ya isa mayo. Wasu za su ba ki shawarar kacalla ko kainuwa, don suna aiki a irin wannan tsari. Ni ina jan kunne game da kacalla. Duk wanda ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ko yadda ta mamaye kogin Senegal bayan an gama madatsar Diyama a 1986, ba zai kai ta inda babu ita ba. Jemarmu ta fadamun Logon 'yar gida ce, tana jure kwanciyar ruwa tana jure fari. Akwai kuma 'yar'uwarta ta Indiya da ake amfani da ita a ƙasashe da yawa wajen riƙe gaɓa, wadda saiwarta kan nutsa har mita 3. Idan kin sami iri biyun kin gwada su gefe da gefe, wannan kaɗai gudummawa ce.

Game da ganyen da kika yanka, kada ki ƙona shi a fili, kuma kada ya haɗu da ƙasa ko sharar da ke da kuromiyom a wuta ɗaya. Kuromiyom ɗin jima nau'in da bai cika haɗari ba ne, amma zafin wuta tare da toka ko farar ƙasa yana iya juya shi zuwa ɗaya nau'in, mai narkewa a ruwa, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Wannan ma dalili ne na a hana ƙona guntayen fatar nan a juji. Ganyen gwajinki ba zai yi yawa ba. Ki busar da shi a cikin shinge, ki auna. Idan ƙarfensa ƙasa yake, ki shimfiɗa shi a gindin jemar ya zama rufi, kin ga bai bar filin ba. Saiwa da duk abin da awo ya nuna yana da ƙarfe da yawa, a ƙona su a cikin rufaffen duro nesa da gidaje, a kwaɓa tokar da siminti ta zama bulo, a binne a tudu a ramin da aka dandaɓe da laka, inda babu rijiya a kusa, da sanin ofishin muhalli na yankin.

Malamin Ƙasa, Ngaundere, ya ƙara da cewa:

Hajiya ta Kusseri ta fi ni gaskiya a kan zurma, na janye ta. Baba kuma ya gyara mini a kan tohon jema, na karɓa, Allah ya ƙara lafiya.

Malama, abin da ya rage shi ne lokaci. Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga da zarar ruwan farko ya sauko daga duwatsun Mandara suna cika cikin sa'o'i, rijiyoyin cikin yashi su rufe, lambunan rani su tashi. Saboda haka samfurin ruwan rijiyoyin da na ganyen lambu ki ɗebe su yanzu, kafin ƙarshen Mayu, daga sama da filin da kuma ƙasa da shi, domin ki iya bambance abin da filin ya zuba da abin da ruwan ya taho da shi tun daga cikin gari. Ma'aunin ruwan sha na Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne maikurogiram 10 na dalma a lita, 3 na kadmiyom, 50 na kuromiyom (maikurogiram dubu ne miligiram ɗaya). Ki yi amfani da robobin da aka wanke da ruwan asid, kada ki zuba samfurin a gwangwani. Jemar kuma ki fara rainon ta a leda tun yanzu, ki dasa ta a jere ƙut-da-ƙut, tana gicciye gangaren filin, bayan ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni, domin idan kin dasa da ruwan farko sannan aka yi kwana goma babu ruwa, rabinta zai bushe kafin saiwa ta kama.